FASHIN BAƘI: Waifai daga gajimare, da tambayar wa ke riƙe da makullin intanet ɗin ma'aikatu a Funtua da Malumfashi

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya da su kashe turakunsu a faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jihar a yaƙin da take yi da 'yan bindiga. A kwanakin farko mutanen Gusau sun riƙa biyan kuɗin mota zuwa Funtua don kawai su buga waya ko su tura kuɗi. Ba a jima ba Funtua ita ma ta bi sahu. Cikin watan nan aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina: Funtua, Malumfashi, Bakori, Ɗandume, Faskari, Sabuwa, Ƙanƙara, Ɗanmusa, Safana, Batsari, Jibiya, Kurfi da Dutsinma. Sai a watan Disamba aka fara mayar da shi.

Watannin nan sun nuna wa yankin yadda harkokin yau da kullum suka rataya a kan layin da ba a hannun mutanen wurin yake ba. Dillalan masara sun rasa yadda za su ji farashi, masu POS sun rufe tebur, kuma wanda aka kai wa hari bai da hanyar neman agaji.

Akwai wani nau'in dogaro makamancin wannan da ke shiga ma'aikatu ba tare da hayaniya ba: kula da waifai daga gajimare. A duniya shi ne salon da bankuna, asibitoci, jami'o'i da masana'antu ke komawa gare shi, kuma shi 'yan kwangila ke tallata wa duk hukumar da ke son a ce ta shiga zamani. Wannan bayani ya duba abin da tsarin yake, amfaninsa, sharuɗɗan da ke tattare da shi, da abin da ya kamata a tambaya kafin a zuba kuɗin jama'a a kansa.

Waifai na gida da waifai na ma'aikata

Waifai hanya ce ta haɗa waya ko kwamfuta da layin intanet ta iska, a ɗan gajeren zango. An fitar da ƙa'idarsa ta farko a 1997, aka raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau a 1999. Shi kansa ba intanet ba ne. Kamar famfo yake a tsakar gida: idan babu ruwa a babban bututu, kyawun famfon bai amfana komai ba.

A gida ko shago, rauta ɗaya ta wadatar. Ana sa mata layin waya, a ba ta kalmar sirri, shi ke nan. Babban asibiti kuwa, ko makarantar kwana, ko masaƙa, rauta ɗaya ba ta isa. Sai an kafa akwatunan watsa waifai masu yawa, wani wurin 20, wani wurin 200, a silin da bango, kowanne da kebul ɗinsa da ke komawa ɗaki guda. Ta wannan kebul ɗin ne yawanci akwatin ke samun bayanai da wutar lantarki gaba ɗaya.

Da zarar akwatuna sun yi yawa sai matsala ta canza kama. Biyu da ke maƙwabtaka na iya yin magana a tasha ɗaya su dame juna. A zangon gigahaz 2.4, wanda tsofaffin wayoyi suka fi amfani da shi, tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, wato ta 1, ta 6 da ta 11. Zangon gigahaz 5 ya fi faɗi da sauri, amma bai iya ratsa bango kamar na farkon. Ma'aikaciyar jinya da ke tafiya daga ɗakin haihuwa zuwa ɗakin magani tana buƙatar wayarta ta sauka daga wannan akwati ta hau wancan ba tare da yankewa ba. Kwamfutar akanta kuma bai kamata ta zauna a layi ɗaya da wayar baƙon da ya zo dubiya ba. Duk wannan yana buƙatar mai tsarawa.

Daga madugu zuwa gajimare

Da farko injiniya ne ke bin akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana saita su da hannu. A farkon shekarun 2000 aka ƙirƙiro wata na'ura ta tsakiya da ake girkewa a cikin ginin, wadda za a iya kira madugu, domin ita ke ba kowane akwati umarnin tashar da zai hau da ƙarfin da zai yi amfani da shi. Kamfanin Aruba, wanda aka kafa a Amurka a 2002, da irin wannan ya yi suna. Madugun na da tsada, yana son ɗaki mai sanyi da wuta mai ɗorewa, yana kuma son ƙwararren da zai zauna kusa da shi.

A 2006 wasu ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka, waɗanda suka yi gwajin haɗa gidajen unguwa da waifai ta kan rufin ɗakuna, suka kafa kamfanin Meraki. Dabarar da ta ɗaukaka su ita ce cire madugun daga ginin, a mayar da shi manhaja a manyan kwamfutocin kamfani da ke can wata ƙasa. Waɗannan kwamfutoci, da ke jibge a cibiyoyin adana bayanai ana isa gare su ta intanet, su ake nufi da gajimare. Sunan ne kawai na sama. Gine-gine ne a ƙasa, suna da mai su, suna da adireshi, kuma suna ƙarƙashin dokar ƙasar da suke ciki.

A wannan tsari, da an jona sabon akwati da wuta da intanet, shi da kansa zai nemi gajimaren kamfaninsa, ya gabatar da lambarsa, ya karɓi saitin da aka tanadar masa. Mai kula da shi zai buɗe allo a kwamfuta ko waya daga Abuja, Legas ko Landan, ya ga kowane akwati a kowane reshe.

Akwai bambanci guda da ya kamata a riƙe. A yawancin waɗannan tsare-tsare, abin da ma'aikaci ke aikawa, kamar saƙo ko takarda, ba ya bi ta gajimaren kamfanin akwatin. Yana tafiya ne kai tsaye inda aka aika shi. Abin da ke zuwa gajimare shi ne bayanan kulawa: wace na'ura ce ta hau layi, da ƙarfe nawa, a wane akwati, wace manhaja ta buɗe, data nawa ta sha. Umarni kuma daga can yake saukowa.

Abin da tsarin ke iya yi

Aikinsa na farko daidaita tashoshi ne. Akwatunan na sauraren juna dare da rana suna kai rahoto, manhaja kuma na sauya musu tasha ko rage musu ƙarfi idan sun fara cin karo. Wannan ya fi muhimmanci a wurin da yanayin gini ke canzawa. Sito da aka auna shi a watan Yuni yana fanko ba zai zama ɗaya da na watan Disamba ba, lokacin da buhunan masara ko dilolin auduga suka kai rufi suka tare hanyar sigina. Haka kwantenonin ƙarfe ke yi a filin ajiye kaya.

Na biyu, raba layi. Ana iya ware wa ma'aikata nasu, na'urorin karɓar kuɗi nasu, kyamarorin tsaro nasu, baƙi nasu, duk a kan akwatuna ɗaya. Ana iya fifita wani aiki a kan wani, ta yadda kallon bidiyo a ɗakin jira ba zai hana likita buɗe fayil ɗin majiyyaci ba.

Na uku, toshe ɓaraka. A 2017 masu bincike suka gano rauni a WPA2, tsarin kulle waifai da duniya ke amfani da shi tun 2004. Ma'aikatun da ke kan gajimare sun iya tura gyara ga dubban akwatuna lokaci guda, yayin da masu saitin hannu suka bi nasu ɗaya-ɗaya, wasu ma ba su taɓa bi ba. A 2018 aka fitar da WPA3 don ya gaji tsohon.

Na huɗu, gano cuta daga nesa. Sababbin tsare-tsare na amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen nazarin rahoton akwatuna, su nuna cewa matsalar reshe kaza kebul ne da ya lalace, ko kuwa layin da ke shigowa daga waje ne ya yi rauni. Injiniya ba zai hau hanya yana lalube ba.

Su wa ke riƙe da kasuwar

Kasuwar ta taru a hannun kamfanoni ƙalilan. Cisco ya sayi Meraki a 2012 kan dala biliyan 1.2. HP ya sayi Aruba a 2015 kan kusan dala biliyan 3. Juniper ya sayi Mist, wanda ya shahara da amfani da ƙirƙirarriyar basira, a 2019 kan dala miliyan 405. Daga baya HPE, wanda ya gaji Aruba, ya nemi haɗiye Juniper ɗin kansa kan kusan dala biliyan 14. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai ƙara a Janairun 2025, tana cewa cinikin zai bar fiye da kashi 70 cikin 100 na kasuwar waifai na ma'aikatu a ƙasar a hannun kamfanoni biyu. An sasanta, aka kammala cinikin a Yulin 2025.

A gefe akwai Huawei na ƙasar Sin, wanda ya daɗe yana aiki da kamfanonin waya a Najeriya. Akwai kuma masu sauƙin kuɗi da ƙananan 'yan kwangila suka fi ɗauka: UniFi na kamfanin Ubiquiti, Omada na TP-Link, da MikroTik na ƙasar Latbiya. Babu ko ɗaya daga cikinsu da yake na Najeriya, kuma da dala ake yanka farashinsu tun daga tushe.

Me ya sa zancen ya shafi kudancin Katsina

Shiyyar Funtua, wadda mutanenta ke kira Karaduwa, ta ƙunshi ƙananan hukumomi 11, kuma ita ce rumbun jihar. Daga nan masara, dawa, waken suya da auduga ke fita. Kasuwar hatsi ta Ɗandume ta yi suna har kudancin ƙasar, Ɗanja kuma da tumatir da rake. Tun zamanin Turawa aka shimfiɗa layin jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda ya ratsa Funtua saboda auduga. A nan aka kafa ɗaya daga cikin shirye-shiryen bunƙasa noma uku na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970, tare da na Gusau da Gwambe. Akwai masaƙa da injinan gurzar auduga, akwai manyan asibitoci a Funtua da Malumfashi, akwai makarantar ungozoma a Malumfashi, akwai rassan bankuna, sannan a watan Mayun 2024 aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta tudu a Funtua.

Irin waɗannan wurare su ne ainihin waɗanda aka ƙera tsarin dominsu: gine-gine masu faɗi, ma'aikata da yawa, kuma hedikwata a wani gari mai nisa. Ƙwararrun injiniyoyin netwok sun fi taruwa a Legas, Abuja, Kano da Kaduna. Ga ma'aikatar da ke da rassa a Bakori, Ƙafur da Faskari, ikon gyara matsala daga nesa ya wuce rage kuɗin mota. A hanyoyin da matafiya ke fargabar masu garkuwa da mutane, rage tafiya kare rai ne.

Gwamnatoci ma sun karkata wannan hanya. Hukumar NITDA ta fitar da manufar ƙasa kan amfani da gajimare a 2019, wadda ke ƙarfafa wa hukumomin gwamnati gwiwa su fara duba shi kafin sayen manyan kwamfutoci nasu. A Katsina, gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa hukumar fasahar sadarwa ta jiha, KATDICT, don mayar da ayyukan gwamnati kan kwamfuta. Duk inda aka ce za a mayar da fayil ɗin asibiti ko rajistar makaranta kan kwamfuta, akwai kwangilar waifai a ƙarƙashinsa.

Sharaɗi na farko: wuta

Akwatin waifai bai cin wuta sosai, amma yana son ta ba yankewa. Idan na'urar da ke rarraba musu wuta a ɗakin tsakiya ta mutu, duka sun mutu tare. Katsina na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO tare da Kano da Jigawa. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wuta, bayan lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da ta sami layin da ake zagayowa da shi ta Binuwai. Kwangilar da ta lissafa akwatuna ba ta lissafa sola, batir da inbata ba, rabin aiki ce. Zafin bazara da ƙurar hunturu kuma na rage wa na'urori kwana idan ba a yi musu tanadi ba.

Sharaɗi na biyu: layi

Me ke faruwa idan intanet ya yanke, kamar yadda aka yi a 2021? A yawancin tsare-tsaren, akwatunan na ci gaba da aiki da saitin ƙarshe da suka karɓa. Kwamfutocin cikin gini za su ga juna, firinta za ta yi aiki. Amma ba a iya canza saiti daga allo, mai kula daga nesa ya makance, kuma shafin da baƙi ke shiga ta kansa na iya tsayawa idan a gajimare yake zaune. Idan manhajar aikin ita ma a gajimare take, kamar ta rajistar majiyyata ko ta biyan albashi, to waifai zai nuna cike, aiki kuwa ya tsaya cik.

Abin da aka kashe a 2021 turakun kamfanonin waya ne, don haka duk ma'aikatar da intanet ɗinta ke shigowa ta layin waya ta yanke na tsawon watanni. Yankewar na iya tasowa daga nesa ma. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Bankuna da dama a Najeriya sun kasa aiki yadda ya kamata na kwanaki. Mai cire kuɗi a Malumfashi ya ji raɗaɗin abin da ya faru a ƙasan tekun da bai taɓa gani ba.

Dalili shi ne nisan hanya. Kusan duk kebul ɗin teku a Legas suke sauka. A nahiyar Afirka kuma, manyan rumbunan gajimare a Afirka ta Kudu suke: Microsoft ya buɗe nasa a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024. A Arewa akwai cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a Kano, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2023, amma allon kula da waifai na manyan kamfanonin waje a rumbunan da su suka zaɓa yake zaune, ba inda mai saye ya ga dama ba. Gajimaren kansa yakan faɗi: a ranar 20 ga Oktoba, 2025, matsala a rumbun Amazon da ke jihar Bajiniya ta Amurka ta tsayar da manhajoji masu ɗimbin yawa a duniya na sa'o'i.

Maganin da injiniyoyi suka sani shi ne layi biyu da ba su fito daga tushe ɗaya ba, misali faiba da tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, kuma ba ya dogara da turken waya na unguwa. Sai dai shi ma kamfanin waje ne, da lasisin NCC yake aiki, kuma kowane wata ake biyansa.

Sharaɗi na uku: lasisi

Nan ne aka fi yi wa mai saye rufa-rufa. Akwatin sayensa ake yi, amma allon kula da shi haya ce ta shekara ɗaya, uku ko biyar. A tsarin lasisin da Meraki ya daɗe yana amfani da shi, idan wa'adi ya cika ana ba da rangwamen kwana 30. In ba a sabunta ba, akwatunan su daina aiki, ko da lafiyarsu ƙalau. Wasu kamfanonin suna barin akwatin ya ci gaba da aiki amma su rufe allon. Wasu, kamar Ubiquiti da TP-Link, suna barin mai kaya ya girke manhajar kulawa a kwamfutarsa ba tare da kuɗin shekara ba.

Lissafin ya ƙara nauyi bayan an saki naira a Yunin 2023. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. A ɗauka, don misali kawai, lasisin akwati ɗaya dala 100 ne a shekara, ma'aikata kuma na da akwati 50. Abin da zai ci naira miliyan 2.3 a da, ya koma miliyan 7.5, ba tare da an ƙara ko akwati ɗaya ba.

A harkar gwamnati akwai ƙarin tarko. Sayen akwatuna na shiga ɓangaren manyan ayyuka na kasafi, inda ake yanka ƙyalle a ɗauki hoto. Sabunta lasisi kuwa kuɗin yau da kullum ne, wanda sai wani ya tuna ya sa shi a kasafin shekaru uku masu zuwa, wataƙila bayan gwamnati ta canza. Idan ba a sa ba, sai a wayi gari da akwatuna a silin suna ƙyalli, babu aiki. Haka idan ɗan kwangila ya yi rajistar allon da sunansa ba da sunan ma'aikatar ba: ranar da aka ɓata da shi kan bashin kwangila, makullin na aljihunsa. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Sharaɗi na huɗu: bayanai

Kowace waya na da lambar da take gabatarwa idan ta nemi waifai. Sababbin wayoyi na ɓoye ta ainihi su ba da ta wucin gadi, amma da mutum ya shiga da sunansa ko lambar wayarsa, an haɗa shi da na'urarsa. Daga nan allon na iya nuna lokacin da ya iso, ɓangaren ginin da ya zauna, da irin shafukan da ya fi ziyarta. A masana'anta wannan na iya zama hanyar gano wanda ke zuwa a makare. A makaranta ko sakatariya yana iya zama hanyar gano su wa suka taru a ɗaki kaza ranar da aka shirya zanga-zanga, ko wane ma'aikaci ne ke yawan buɗe shafin jaridar da ta fallasa badaƙala.

Tara makullan dubban ma'aikatu a wuri guda na jawo ɓarayi, har na cikin gida. A Janairun 2021 Ubiquiti ya nemi abokan cinikinsa su canza kalmar sirri bayan an shiga rumbunsa. Daga baya ta bayyana injiniyan kamfanin ne ya kwashi bayanan ya nemi a biya shi kusan dala miliyan 2. Kotun Amurka ta ɗaure shi shekara shida a 2023.

Abin da doka ta ce

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora alhaki a kan ma'aikatar da ta tattara bayanan, ko da wani kamfani ta ba ajiya. Ta ba mutum 'yancin sanin abin da aka tattara a kansa, ta wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan 'yan Najeriya waje. Tarar manyan masu riƙe bayanai na kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. A Yulin 2025 hukumar ta sanar da cin tarar MultiChoice fiye da naira miliyan 766, kuma fitar da bayanai waje ba bisa ƙa'ida ba na cikin laifukan da ta ambata.

A ɗaya ɓangaren, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa masu samar da sabis ajiye bayanan zirga-zirgar abokan cinikinsu na shekara biyu, tare da miƙa su ga jami'an tsaro idan an nema bisa doka. Amurka kuma ta yi dokar CLOUD a 2018, wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanoninta ko a wace ƙasa suka ajiye su. Ma'aikaciyar asibiti a Funtua na iya kasancewa ƙarƙashin dokokin ƙasa biyu ba tare da an taɓa gaya mata ba.

Tambayoyin da ya kamata a yi

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar ɗan ƙasa, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi. Duk wanda ya ji an ba da kwangilar waifai a asibiti, makaranta ko sakatariyar yankinsa na da damar neman amsar waɗannan a rubuce:

1. Nawa ne kuɗin kayan, nawa ne na lasisi, kuma yaushe lasisin zai ƙare?

2. Idan ya ƙare ba a sabunta ba, akwatunan za su ci gaba da aiki ko za su tsaya?

3. A wane layin kasafi aka tanadi kuɗin sabuntawa da na intanet na kowane wata?

4. Da sunan wa aka yi rajistar allon kulawa, kuma ma'aikata nawa na hukumar ke da makullinsa?

5. Layi nawa ke shigo da intanet, kuma wane aiki ne zai ci gaba idan an sake katse sabis?

6. Awa nawa batir zai riƙe tsarin idan babu wuta?

7. Waɗanne bayanai ake tattarawa a kan ma'aikata da baƙi, a wace ƙasa ake ajiye su, kuma wa ke da izinin gani?

8. Matasa nawa na yankin aka horar don kula da kayan bayan ɗan kwangila ya tafi?

Babu tsari guda da ya dace da kowa. Banki mai rassa ɗaruruwa da kuɗin shiga mai ƙarfi na da hujjar biyan haya don ya ga komai daga allo ɗaya. Makarantar sakandare mai akwati 15 a gini guda za ta fi samun kwanciyar hankali da manhajar kulawa a kwamfutarta, ba kuɗin shekara. Asibiti kuwa ya fi buƙatar tsarin da rajistar majiyyata za ta ci gaba da buɗuwa a cikin gini ko da duniya ta yanke, ta aika bayanai sama idan layi ya dawo. Amsoshin tambayoyin nan takwas ne za su nuna ko an yi wannan lissafi kafin a sa hannu a takardar kwangila.